Ƙofar Ɗakin Ibada Ba Shingen Bincike Ba Ce

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwar kan iyaka ya san abin da ake kira faɗuwar gaba. Kaya naka, kuɗi naka, ba ka ci na kowa ba, amma da zarar an ce ga motar jami'ai can ta tunkaro, sai hantarka ta kaɗa, ka shiga laluben aljihu kana neman takarda. Shi ya sa muke ganin 'yan kasuwar Jibiya da Ɗan Issa, da na Illela da Birnin Ƙonni, da na Kamba da Gaya, za su fi kowa saurin fahimtar abin da ya sami mabiya ɗariƙar Katolika a ƙasar Amurka lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekarar 2025. Abin da ɗan kasuwa ke ji a bakin shinge, shi dubbansu suka riƙa ji a bakin ƙofar coci, har wasu suka gwammace su kulle kansu a gida ranar idinsu.

Tun da farko bari mu faɗi matsayinmu. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata da wanda ya fita, kuma ba mu ja da wannan ba. Amma ƙasar da ta mayar da ƙofar ɗakin ibada wurin dakon kama mutane, ta wuce gona da iri, kuma ɓarnar da take yi ta fi ribar da za ta samu. Za mu kawo dalilanmu, mu kuma faɗi inda maganar ta shafe mu.

Watan da suke jira duk shekara

Sama da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Katolikan Amurka mutanen Latin Amurka ne ko zuriyarsu, galibi 'yan asalin Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita. A wurinsu watan Disamba shi ne watan sallah. Ranar 12 ga wata suna bikin da suke kira na Uwar Gwadalufe, domin bisa imaninsu Nana Maryamu ta bayyana ga wani talaka ɗan ƙasa mai suna Huwan Diyego a kan tudun Tefeyak, kusa da birnin Meksiko, a shekarar 1531. Miliyoyin mutane ke zuwa babbar majami'ar da ke wurin kowace shekara. Waɗanda ke zaune a Amurka kuwa, da yawansu ba sa iya zuwa gida su dawo, sai su yi nasu a inda suke. A garin Des Plaines da ke gefen Shikago akwai wurin ziyara da ya saba tara dubban ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu, wasu a ƙafa, wasu a kan dawaki, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, suna ɗauke da furanni da kyandir.

Daga 16 zuwa 24 ga Disamba kuma sai a shiga abin da suke kira Fosadas, kalmar da ke nufin masauki. Dare tara a jere jama'ar unguwa ke bin gida-gida, an yi wa wasu shigar Maryamu da Yusufu kafinta, wanda a littafin Kirista shi ne mijinta, suna ƙwanƙwasa ƙofa suna roƙon wurin kwana. Gida na farko ya kore su, na biyu ya kore su, sai a gidan ƙarshe a buɗe musu, a ci, a sha, a raba wa yara alewa. Wato bikin gaba ɗaya tunawa ce da baƙon da ya rasa masauki. To a shekarar 2025 ƙwanƙwasa ƙofa da dare shi ne abin da iyalai da dama suka fi tsoro a rayuwarsu.

Takardar da aka soke da sa hannu ɗaya

Me ya kawo wannan tsoro? Tun watan Oktoba na 2011 hukumar shige da fice ta cikin gida, wadda ake kira ICE, take da umarni a rubuce cewa jami'anta su guji kama mutane a makarantu, asibitoci, wuraren ibada, wuraren jana'iza da ɗaurin aure. A 2021 aka faɗaɗa umarnin. Sai dai wannan takardar ofis ce kawai, majalisa ba ta taɓa mayar da ita doka ba. Saboda haka da Donald Trump ya koma mulki ranar 20 ga Janairun 2025, sa hannu ɗaya ya wadatar aka soke ta. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta ce daga yanzu masu laifi ba za su sake fakewa a makarantu da majami'u ba, kuma ta amince jami'anta za su yi aiki da hankali.

Ƙungiyoyin addini sun garzaya kotu. A watan Fabrairun 2025 wani alƙali a jihar Maryland ya hana kamen, amma a ɗakunan ibadar waɗanda suka kai ƙara kaɗai. Wasu ƙungiyoyi 27 na Kirista da Yahudawa suka shigar da tasu a Washinton, a watan Afrilu alƙaliya ta ƙi ba su irin wannan kariya. A watan Yuni aka fara samame mai zafi a Los Anjalis, a masana'antun ɗinki da wuraren wankin mota da bakin shagunan da 'yan ƙwadago ke jiran aiki. A cikin watan ne gundumar cocin San Banadino, a jihar Kalifoniya, ta bayyana cewa an kama mutane a harabar majami'unta guda biyu. Ranar 4 ga Yuli aka sa hannu kan dokar da ta ware wa harkar iyaka da korar baƙi kusan dalar Amurka biliyan 170, ciki har da biliyan 45 don gidajen tsare mutane. Ranar 8 ga Satumba kuma Kotun Ƙoli ta ɗage wani umarni da ya hana jami'ai a Los Anjalis tsayar da mutum bisa kamanninsa, harshensa, irin aikinsa ko wurin da aka gan shi.

Mai karatu ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya. An cire shamakin da ke kare coci, an zuba kuɗi, an kuma sassauta wa jami'i ya tare ka saboda fatarka da yarenka. Sai kuma ga ranar da duk gari ya san masu wannan fata da wannan yare za su taru a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Ko ba a shiga cikin coci ba, ai sai mutum ya bi hanya kafin ya iso, sai ya ajiye mota a fili, sai ya fito ya taka zuwa ƙofa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Limami ya ce wa jama'arsa su zauna gida

A wurin ɗan Katolika, zuwa sujadar Lahadi da ta manyan ranaku irin su Kirsimeti wajibi ne, barinsa ba tare da uzuri ba zunubi ne babba. Musulmin da ya san nauyin Juma'a, ya kuma san malamai sun sanya tsoron halaka ko asarar dukiya cikin uzurorin da ke sauke ta, zai gane girman abin da ya biyo baya. A watan Mayun 2025 gundumar cocin Nashbil ta sanar cewa babu wanda ya wajaba ya zo sujada in hakan zai jefa shi cikin haɗari. Ranar 8 ga Yuli Bishop Alberto Rojas na San Banadino, mai jagorantar mabiya fiye da miliyan ɗaya, ya fitar da takarda ya sauke wajibcin daga kan duk mai tsoron kamu na haƙiƙa. A watan Disamba, da samame ya koma jihar Luwiziyana, shugabannin cocin Baton Ruj da Niyu Olins suka yi haka, kuma ana gab da Kirsimeti na Kolombus a jihar Ohayo ya bi sahu. Irin wannan rangwame an saba jin sa ne lokacin annoba, kamar korona a 2020. Ga shi an yi shi saboda jami'an gwamnati, a ƙasar da ke fitar da rahoto duk shekara kan yadda sauran ƙasashe ke tauye 'yancin addini.

Manyan cocin ba su yi shiru ba. Marigayi Fafaroma Faransis ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka wasiƙa a watan Fabrairun 2025 yana sukar shirin korar jama'a da yawa. Magajinsa Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu, shi kansa haifaffen Shikago ne, ya kuma yi shekaru da dama yana aiki a ƙasar Feru. Da aka hana limamai shiga gidan tsare baƙi na Broadview, kusa da Shikago, don kai wa tsararru gurasar ibada a watan Oktoba da kuma ranar 1 ga Nuwamba, ya fito ya nemi a mutunta haƙƙin ibadar waɗanda ke tsare. Ranar 12 ga Nuwamba, a birnin Baltimo, bishop-bishop 216 suka amince da wani saƙo na musamman da ya yi tir da korar mutane ba tare da tantancewa ba, 5 suka ƙi, 3 suka yi rowar ƙuri'a. Rabon su fitar da irin wannan saƙo tun 2013. Kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti kuma, Babban Bishop Thomas Wenski na Mayami da takwarorinsa na jihar Fulorida suka roƙi a dakatar da kame ko da na kwanakin bikin ne kawai. Fadar shugaban ƙasa ba ta karɓa ba.

Mu saurari ɗaya ɓangaren

Ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Masu goyon bayan gwamnati na cewa doka doka ce, wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ya san abin da ya taka. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2023 akwai baƙi marasa cikakkiyar takarda kimanin miliyan 14 a Amurka, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Jama'a sun zaɓi Trump da alkawarin zai kore su, kuma sama da rabin 'yan Katolikan da suka yi zaɓen 2024 shi suka ba ƙuri'a. Mataimakinsa J.D. Vance ɗan Katolika ne, haka ma Tom Homan da ya naɗa ya kula da harkar iyaka, kuma dukansu sun mayar wa shugabannin cocin da martani mai zafi. Ita kanta koyarwar Katolika ta yarda hukuma na da ikon gindaya sharuɗɗan shigowa ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙo nauyin bin dokar ƙasar da ta sauke shi. Gwamnatin ta kuma sha nanata cewa ba ta kai samame cikin majami'u.

Mun ji. Amma ga inda hujjar ta gaza. Na farko, tsohon umarnin bai taɓa kare mugu ba, domin a cikinsa an buɗe ƙofa ga jami'i ya shiga ko'ina idan akwai barazanar ta'addanci, ko ran wani na cikin haɗari, ko ana bin wani mai laifi da gudu. Abin da ya hana shi ne a yi wa mai shara da mai wanke-wanke kwanton ɓauna a hanyar sujada. Na biyu, alkaluman da cibiyar TRAC ta tattara daga hukumar kanta sun nuna cewa a ƙarshen 2025 fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda ke tsare babu wata kotu da ta taɓa kama su da laifi. Ke nan tarun da aka ce an jefa don kada, ƙananan kifaye ya fi kwasowa.

Na uku, kuma shi ne babba, tsoro ba ya duba fasfo. Wani rahoto da majalisar bishop-bishop ta fitar tare da wasu ƙungiyoyin Kirista a watan Maris na 2025 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na 'yan Katolikan Amurka ko dai shi kansa yana cikin haɗarin kora, ko yana zaune gida ɗaya da wanda ke ciki. A gida guda za ka tarar uba ba shi da takarda, uwa tana jiran hukuncin kotu, 'ya'ya kuwa 'yan ƙasa ne saboda a nan aka haife su. Idan uba ya ji tsoron fita, wa zai kai yaran? Don a kama mutum goma sai a hana dubu ibada, cikinsu har da 'yan ƙasar da tsarin mulki ya ba su cikakken 'yancin yin addini. Duk ɗan kasuwa ya san sunan cinikin da za a kashe jaka goma don a ci ribar dala.

Wanda ba ya zuwa coci, ba ya zuwa kasuwa

'Yan'uwa 'yan kasuwa, kun san cinikin mako biyu kafin sallah yakan riƙe mutum wata da watanni. Haka Disamba take ga masu sayar da furanni, kyandir, kayan yara, nama da abincin biki a unguwannin baƙi na Shikago da Los Anjalis. Wanda ya ji tsoron zuwa coci ba zai je shago ba, ba zai ɗinka sabon kaya ba, ba zai kira mai hoto ko mai kiɗa ba. Tun watan Afrilun 2025 masu shirya faretin 5 ga Mayu a unguwar 'yan Meksiko ta Shikago suka soke shi saboda tsoron samame, masu shaguna a unguwar kuwa suka yi ta kukan rashin ciniki. Waɗannan baƙi da ake farauta ba 'yan cin banza ba ne: wata cibiyar nazarin haraji ta lissafa cewa a 2022 kaɗai marasa takarda sun biya harajin da ya kai dala biliyan 96.7. Kuɗin da 'yan Meksiko ke aikawa gida, wanda ya haura dala biliyan 64 a 2024, ya ragu a 2025 bayan shekaru fiye da goma yana hauhawa. Ashe tsoron da aka dasa a ƙofar coci a Kalifoniya yakan isa har tukunyar tsohuwa a ƙauyen Meksiko.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, Kirista ne, kuma a can wata uwa duniya, ina ruwan mai sayar da wake a Maigatari? Ruwanmu na nan ta fuska uku.

Ta farko, takardar da aka soke ba ta ce coci kaɗai ba, wuraren ibada ta ce. Masallacin da 'yan'uwanmu na zango ke sallah a Bronx ta birnin Niyok, da wanda 'yan Nijar ke taruwa a Greensboro, kariya ɗaya suka rasa tare da cocin 'yan Meksiko. Abin da ya faru a daren Kirsimeti zai iya faruwa a daren tarawihi ko a filin idi. Ba ma sai an jira ba: ranar 21 ga Oktoban 2025 jami'ai suka dira kan 'yan tebur a titin Canal na Niyok, da hujjar ana sayar da jabun kaya, suka tafi da mutum tara 'yan Senegal, Mali, Gini da Muritaniya. A watan Yunin 2025 aka sa Chadi cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofar shiga Amurka, a watan Disamba aka ƙara da Nijar, Mali da Burkina Faso, aka kuma taƙaita wa Nijeriya. A watan Satumba Ghana ta karɓi rukunin farko na 'yan Afirka ta Yamma 14 da Amurka ta koro. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta biyu, akwai bashin alheri. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Musulmi ne ke cikin wannan hali. An tilasta wa maza baƙi daga ƙasashe 25, kusan dukansu na Musulmi, su je su yi rajista. Sama da 80,000 suka je, fiye da 13,000 aka buɗe musu shari'ar kora. A 2011 aka bankaɗo yadda 'yan sandan Niyok suka riƙa sa ido a masallatai. Da aka hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, bishop-bishop na Katolika na cikin waɗanda suka fito suka yi suka. Tarihi ma ya riga ya koya mana wannan darasi, domin lokacin da Musulmin farko suka rasa wurin da za su yi sallah cikin aminci a Makka, sarkin Kirista ne, Najjashi na Habasha, ya ba su masauki, ya kuma ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo su.

Ta uku, mu ma mun ɗanɗana wannan miya, mun kuma dafa wa wasu. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwa suka tashi, cikinsu har da Hausawa da Yarabawan da aka haifa a zangon Kumasi da Akara, suka sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance, gonakin koko suka rasa ma'aikata. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, mutum kimanin miliyan biyu suka fice, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran har da 'yan Nijar, Chadi da Kamaru. Jakar ledar nan da muke zuba kaya a kowace tasha, daga wannan kora ta samo sunanta. Ba a Ghana ba, ba a Nijeriya ba, korar ba ta gyara tattalin arzikin da aka ce baƙi ne suka ɓata ba. A 'yan shekarun nan kuma mun ga yadda ake sauke dubban mutanen da aka koro daga Aljeriya a cikin hamada, su taka kilomita kusan 15 kafin su isa Assamaka. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya yi dariyar ɗan Meksiko ba.

Abin da muke kira a yi

Ga hukumomin Amurka, kiranmu shi ne a mayar da kariyar wuraren ibada, makarantu da asibitoci, a wannan karo a yi ta doka. An gabatar da ƙudiri kan haka a majalisarsu a 2025, kuma shi ne daidai, domin abin da sa hannu ɗaya ya kafa, sa hannu ɗaya ke rushe shi. Mai laifi a nemo shi da sammacin alƙali, da sunansa, a inda yake. A bar wa talaka ranar idinsa.

Ga shugabannin addini a nan gida, limaman Juma'a da na coci, muna ganin lokaci ya yi da za su riƙa magana da murya ɗaya a kan haƙƙin baƙo, tun kafin abin ya ƙwanƙwasa tasu ƙofar. A kasuwanninmu akwai 'yan Benin, Togo, Ghana, Kamaru da 'yan kudancin Nijeriya, da yawansu Katolika, waɗanda muke ciniki da su, muke ba su bashi suna ba mu. Ranar Kirsimetinsu su je cocinsu da kwanciyar hankali, kamar yadda muke so ɗanmu da ke ci-rani a Kwatano ko Duwala ya je idi ba tare da waige-waige ba. Haka nan muna kira ga jami'an iyakokinmu baki ɗaya da kada ranar kasuwa ko ranar sallah ta zama ranar kwasar baƙi. Yarjejeniyar zirga-zirgar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba tare da biza ba, kuma ko bayan ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025, dangin da ke Maraɗi da Katsina dangi ne, layin da Bature ya ja bai raba su ba.

Ga mu kanmu kuma, rigakafi ya fi magani. Wanda ke da ɗa ko ƙane a Amurka ya daina matsa masa lamba kan aike, ya tambaye shi halin da takardunsa ke ciki, ya ƙarfafa masa gwiwa ya nemi lauya na gaskiya, ya guji 'yan damfara masu alkawarin takarda cikin mako guda. A sani kuma cewa daga 1 ga Janairun 2026 Amurka ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje da tsabar kuɗi a hannu, ban da wanda ya fita ta asusun banki. Matashin da ke shirin sayar da rumfar ubansa don bin ɓarauniyar hanya ya tsaya ya yi lissafi, domin ƙasar da limami ke ce wa jama'arsa su zauna gida ranar idi ba wurin zuwa ba ce da hannu biyu babu takarda. Mu da ke ƙetara iyaka kowace ranar kasuwa kuwa, mu sabunta katin shaidarmu, mu riƙe takardun kayanmu na duwan da kwastan, mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa tun suna goye. Kuɗin takarda komai yawansa bai kai kuɗin belin dare ɗaya ba.

Daga ƙarshe, ana gane girman ƙasa ne daga yadda take riƙe wanda ba shi da kowa a cikinta. Tana iya tsare iyakarta, ta hukunta mai laifi, ta kuma bar tsohuwa ta kai furanninta coci ta dawo gida lafiya. Ɗaya bai hana ɗaya ba. Allah ya kare duk wanda ya bar gida neman halal, ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya, ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci ga ɗan ƙasa da baƙo.